Hutun iyali a gaɓar tekun Ghana: ina ya kamata a sauka, me ya kamata a bari?

Baban Ilham, Kano

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san gaɓar tekun Ghana, musamman mazauna can. Na yi niyyar kai iyalina hutu na kamar mako guda, ni da mai ɗakina da yara uku, babbarsu tana ƙaramar sakandare, ƙaraminsu kuma bai shiga firamare ba. Akwai kuma Hajiya mahaifiyata, wadda take fama da ciwon gwiwa amma ta ce ba za a bar ta a gida ba, domin mahaifinta ya yi fataucin goro a Kumasi, kuma tun tana yarinya take jin labarin ƙasar. Abin da muke so shi ne mu zauna a bakin teku yara su ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, mu ziyarci wuraren tarihi, mu kuma ci abincin mutanen wurin ba tare da shakka a kan halascinsa ba.

Tsarin da na rubuta shi ne mu sauka a Accra a ƙarshen watan Disamba, mu je Ada Foah, mu dawo mu wuce Cape Coast da Elmina, mu hau gadar saman itatuwa ta Kakum, sannan mu ƙarasa Busua da ƙauyen Nzulezo da aka gina a kan ruwa. Ina roƙon wanda ya san hanyar ya gaya mini gaskiya ko wannan tsari zai yiwu, da kuma abin da ya kamata in cire.

Ɗan Nima, Accra

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo ku lafiya. Tunda ka nemi gaskiya, wannan tsari naka ya fi kama da jadawalin direban haya fiye da na mai neman hutu. Ada Foah tana gabashin Accra ne, inda kogin Volta yake shiga teku, sauran wuraren da ka lissafa kuma duk suna yamma, don haka zuwa Ada kaɗai zai ci maka yini biyu tsakanin tafiya da dawowa. Daga Accra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, wanda a takarda ba wani abu ba ne, amma duk wanda ya taɓa faɗawa cunkoson Kasoa, garin da ke mafitar Accra ta yamma, ya san cewa awa uku ita ce mafi ƙaranci, kuma a ranar da hanya ta cushe ana iya yin huɗu ko fiye. Nzulezo kuwa tana can kusa da iyakar Kwaddibuwa, bayan an wuce Takoradi da Axim, kuma idan an isa Beyin sai an shiga kwale-kwale kafin a kai ƙauyen. Ban ga yadda Hajiya za ta jure wannan da gwiwarta ba, balle ƙaramin yaro.

Shawarata ita ce ku zaɓi wuri ɗaya ku sauke kayanku sau ɗaya. Tsakanin Cape Coast da Elmina bai kai kilomita 15 ba, kuma a wannan ɗan tsakanin da kewayensa akwai duk abin da ka ambata: manyan gine-ginen tarihi guda biyu, wato tsofaffin sansanonin Turawa inda aka tsare bayi, masaukai a bakin ruwa, tashar masunta, kasuwa, da zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi, mai masallatai. Kakum tana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, ana zuwa da safe a dawo kafin la'asar. Accra kuma ku ba ta kwana ɗaya a farko da ɗaya a ƙarshe, ya isa ku ga babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, da wurin tunawa da Kwame Nkrumah da aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara.

Game da Disamba kuma ina da ja. Tun daga 2019, shekarar da gwamnati ta gayyaci baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su ziyarci ƙasar kakanninsu, ƙarshen Disamba ya zama lokacin bukukuwa da kaɗe-kaɗe a Accra. Kuɗin jirgi da na masauki suna tashi, bakin teku yana cika. Ga matashi mai neman shagali lokacin ya dace, amma ba ga magidanci da ya ɗauko mahaifiyarsa ba.

Maman Sadik, Kaduna

Alhaji, ni kan batun ruwan zan yi magana, domin shi ne abin da mu mutanen tudu muke ɗauka da wasa. Tekun da ke gaɓar Ghana ba tafki ba ne. Igiyar ruwan tana dukan gaɓa da ƙarfi, kuma idan za ta koma tana jan yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, ta yadda babba ma yana tsaye ruwa bai wuce gwiwarsa ba sai ya ji ƙasa tana zame masa. A wasu wurare akwai jan ruwa mai tafiya can ciki wanda ba a ganinsa daga waje, kuma yawancin wuraren ba su da masu ceto. Ka'idar da muka bi da yaranmu ita ce ruwa kada ya wuce idon sawu, kuma hannun yaro yana cikin hannun babba. Ba su ji an tauye su ba, domin tonon yashi da bin ƙaguwa da tsintar bawon kifi sun ishe su. Idan kana son su shiga ruwa sosai, ka nemi masauki mai wurin ninƙaya na yara.

Abu na biyu shi ne batun sutura da natsuwa, wanda na san mai ɗakinka da Hajiya za su damu da shi. Wurare irin Labadi a Accra suna cika a ranakun Asabar da Lahadi da kiɗa da shaye-shaye, ba wurin zaman iyali irin namu ba ne a waɗannan ranaku. Amma a tsakiyar mako, a wuraren da suke nesa da gari kamar Brenu ko Anomabo, za ku iya zama ƙarƙashin bishiyar kwakwa tun safe ba ku ga kowa ba sai masunta da mai sayar da kwakwa. Babu wanda ya kalle ni don ina sanye da hijabi, domin Musulmi ba baƙi ba ne a ƙasar. Sai dai ku sani cewa gaɓar da ke cikin gari, kusa da unguwannin masunta, sau da yawa tana da shara da robobi da ƙazanta, don haka kada hoton intanet ya ruɗe ku.

Alhaji Bafatake, Kumasi

Na yarda da Ɗan Nima kan cewa a zauna wuri ɗaya, amma ban yarda cewa wurin ya zama Elmina ba. Baban Ilham ya ce hutu yake nema. Mene ne hutu a cikin kai mace da ƙananan yara da dattijuwa cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare bayi? Na shiga na Cape Coast tare da baƙi, kuma na ga yadda mutane suke fitowa jiki a sanyaye, wasu suna kuka, sauran yinin ya lalace musu. Wannan tarihi ne na Turawa da sarakunan gaɓar teku da zuriyar waɗanda aka kai Amurka, su ne suke da dalilin zuwa su yi juyayi. Idan don Hajiya ne, abin da take son gani yana Kumasi: kasuwar Kejetia, zango, da masu goro waɗanda har yau suke ɗaure shi a ganye kamar yadda mahaifinta ya sani. Idan kuma don teku ne, ku wuce Busua kai tsaye, ruwanta ya fi na sauran wurare sauƙi, ku yi kwanakinku ku dawo.

Malamin Tarihi, Zariya

Ranka ya daɗe Alhaji Bafatake, damuwarka a kan yara tana da tushe, kuma zan dawo kanta. Amma maganar cewa wannan tarihi ba namu ba ne, ita ce ba zan iya bari ta wuce ba.

Turawan Fotugal ne suka gina sansanin Elmina a 1482, kuma zinariya suka zo nema tun farko. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya zauna a hannunsu har 1872 lokacin da ya koma hannun Ingila. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin ne suka fara shi a 1653, kafin ya faɗa hannun Ingilishi a shekarun 1660, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka mayar da ita Accra. Ɗakunan da aka gina don ajiyar haja su ne daga baya aka cika da mutane. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine, tare da sauran ƙananan sansanonin da ke jere a gaɓar, cikin wuraren tarihi na duniya.

To, daga ina aka samo mutanen da aka cika ɗakunan da su? Da yawansu daga arewa aka koro su. Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce kasuwar da fataken Hausa suke kai tufafi da kanwa da fatu da dabbobi su sayo goro, kuma kasuwar bayi ce babba. Mutanenmu suna cikin masu saye da sayarwa a can, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A kan hanyar Kumasi zuwa Cape Coast akwai garin Assin Manso, inda har yau ake nuna rafin da ake tsayar da waɗanda aka koro su yi wanka na ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Gaskiya ne cewa Hausawan da aka haye da su teku, yawancinsu ta tashoshin gabas aka fitar da su, wato Wida da Porto-Novo da Badagry da Legas, kuma su ne ake samun labarinsu a boren bayi na Bahia ta ƙasar Brazil a farkon ƙarni na 19. Amma ciniki ɗaya ne, kuma mun shiga cikinsa ta fuska biyu, a matsayin masu sayarwa da kuma waɗanda aka sayar.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi zango kai tsaye. Sojojin da Kyaftin Glover ya tara a Legas, waɗanda ake kira Hausawan Glover, an kawo su yaƙin Ingilishi da Asante, masarautar da ke Kumasi, na 1873 zuwa 1874, kuma daga irinsu aka kafa rundunar tsaron ƙasar da yanzu ake kira Ghana a 1879. Wasunsu da suka gama aiki ba su koma gida ba, suka zauna a garuruwan gaɓa tare da fatake da malamai. Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, da Ingilishi suka kama a 1896, a sansanin Elmina aka fara tsare shi kafin a kai shi Saliyo, daga nan zuwa tsibirin Seychelles, bai dawo Kumasi ba sai 1924. Saboda haka, Alhaji, ko tarihin garin da kake zaune bai cika ba sai an haɗa da Elmina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ginin Cape Coast shi ne yadda aka ɗora ɗakin ibadar Turawan a saman kurkukun maza, ana addu'a a sama mutane suna mutuwa a ƙasa cikin duhu, iska ba ta shiga sai ta wasu ƴan ƙananan kafofi can kusa da rufi. Yarinyar da take ƙaramar sakandare ta isa ta ga wannan ta kuma yi tambaya a kai.

Alhaji Bafatake, Kumasi

Malam, na ji bayaninka, kuma batun Salaga ba zan musa ba, domin dattawanmu a nan ba sa ɓoye shi. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Ilimi daban, hutu daban. Idan za a je, to a san cewa ranar ba ta shaƙatawa ba ce, kada a haɗa ta da wasan yashi da cin kifi kamar an je gidan ajiye namun daji. Na ga masu ɗaukar hoto suna dariya a bakin ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, abin bai yi mini daɗi ba. Kuma ban ga dalilin shiga duka biyun ba, ɗaya ya isa.

Maman Sadik, Kaduna

A nan ina tare da Alhaji Bafatake. Ɗaya ya wadatar, kuma ba dole ne kowa ya shiga ko'ina ba. Kurkukun yana da duhu da zafi da wari irin na rufaffen wuri, gangarensa kuma yana da santsi, don haka ƙaramin yaron da Hajiya su tsaya a farfajiyar sama inda tsofaffin igwa suke jere suna fuskantar teku. Akwai iska a wurin, ana kuma hango masunta suna gyaran koma a ƙasa. A Cape Coast akwai ɗakin adana kayan tarihi a cikin ginin, wanda ake iya zagayawa a hankali. Ku je da sassafe kafin motocin ƴan makaranta su iso. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na ƴan ƙasa, kuma mai yi muku jagora yana cikin tsarin, amma ana yi masa ɗan ihsani idan an gama.

Hajiya Ƴar Zango, Cape Coast

Sannunku da muhawara. Ni a nan aka haife ni, don haka bari in ɗauki ɓangaren abinci, wanda na ga an bar shi a baya alhali shi ne zai fi zama a bakin yara idan sun koma Kano.

Da farko, Alhaji, ka kwantar da hankalinka kan halasci. A bakin teku kake, kifi shi ne abincin gari, kuma ba ya buƙatar yanka. Abin da za ka kiyaye shi ne miyar gidajen abinci na gargajiya, domin wasu suna haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya, har da ƙafar alade ko naman daji irin gyazbi, wanda za ku ga ana ɗaga muku shi a gefen hanya. Ka tambaya kai tsaye, ba wanda zai ji haushi. Naman shanu da na akuya kuwa yawancin mahautan kasuwa Musulmi ne, kuma idan kana son cikakkiyar natsuwa sai ka ci nama a zango, ka ci kifi a ko'ina. Zangonmu yana kusa da kasuwar Kotokuraba, duk direban tasi ya san wurin, kuma da Hausa za ka yi cinikinka.

Da safe ku nemi koko da ƙosai. Kokon nan na gero ne mai ɗan tsami da yajin citta da kanumfari da barkono, Hajiya za ta ji kamar tana gida. Wajen hantsi sai waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, ana zuba muku a ganye tare da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda da shito. Shito barkono ne da aka soya da mai da busasshen kifi da jatan lande har ya yi baƙi, kuma ku ɗanɗana wa yara kaɗan tukuna, domin akwai mai zafin gaske. Waakye mai kyau ba ya kai azahar, idan kun makara sai dai ku tarar da ƙanzo.

Abincin Fante, wato mutanen wannan yanki namu, na asali shi ne dokunu, wani irin tuwon masara mai tsami, da kifi. Namu ya bambanta da na Accra: nasu ana naɗe shi da bawon masara kuma yana da gishiri, namu kuwa ana naɗe shi da busasshen ganyen agada, yana kuma daɗewa bai lalace ba. Idan kuna tahowa daga Accra, kafin ku shigo gari za ku ga mata sun jera shi tuli-tuli a mahaɗar Yamoransa, nan ne ake sayensa. Ana cinsa da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa, ko kuma da miyar da muke kira fante-fante, wadda ake yi da ɗanyen kifi da manja, ba a soya kifin, a cikin miyar yake dahuwa. Tsamin dokunu yakan ba baƙo mamaki a loma ta farko, don haka idan yara sun ƙi, a ba su wake da manja da soyayyar agada, ban taɓa ganin yaron da ya ƙi wannan ba. Da yamma kuma akwai kelewele, agada ce nunanna da aka yanka ƙanana aka cuɗa da citta da barkono aka soya, ana ci da gyaɗa. Banku, wani tuwon masara da rogo mai tsami, da gasasshiyar karfasa ku bar shi sai daren da ba ku da sauri.

Abu ɗaya da ba zan so ku rasa ba shi ne tashar masunta ta Elmina da safe. Ku tsaya a kan gadar da ke bakin sansanin, inda ruwan Benya yake haɗuwa da teku, ku ga jiragen katako masu fenti kala-kala da tutoci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata suna jiransu da manyan kwanonin silba a ka, ana ciniki da ihu tun kifin bai sauka ba. Wurin yana da ƙarni da caɓi, ku sa takalmin da ba kwa jin tausayinsa. Amma kada ku je ranar Talata, domin masuntanmu ba sa fita teku a ranar, za ku tarar da jirage a ɗaure ana ɗinkin koma.

Baban Ilham, Kano

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ada da Nzulezo na cire su. Saura batun hanya da takardu, da kuma lokacin da ya dace idan ba Disamba ba, domin dole ne ya zo daidai da hutun makaranta.

Ɗan Nima, Accra

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. Kowa ya riƙe fasfonsa, har da ƙaramin yaron, tare da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambaya a filin jirgi da kan iyaka. Game da rigakafin Hajiya, tunda ta manyanta, ku tuntuɓi likita tun da wuri. Akwai jirage kai tsaye zuwa Accra daga Legas da Abuja, na Legas kimanin awa ɗaya ne a sama. Ta mota kuwa daga Legas sai an ratsa Seme da Kwatano da Lome kafin a shigo ta Aflao, iyaka uku ke nan, kowace da jiranta, kuma ba zan ba mai tafiya da dattijuwa shawarar bin ta ba. Agogonmu yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Daga Accra zuwa Cape Coast akwai manyan motocin safa da ƙananan bas daga tashar Kaneshie, amma ku shida ne da kaya, don haka shatar mota ɗaya da direbanta ta fi muku sauƙi, ku kuma fita bayan asuba kafin Kasoa ta cushe. Kuɗinmu sidi ne. Ku canza a wuraren canji masu rajista, ku riƙe ƙananan kuɗi don kasuwa, kada kuma ku dogara da katin banki na naira kaɗai.

Lokacin da nake ba da shawara shi ne Agusta. Babbar damina a gaɓa tana sauka ne daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, sannan a Agusta ruwa yana tsagaitawa, gari ya yi sanyi, kifi kuma ya yawaita. Ya zo daidai da dogon hutun yaranku.

Hajiya Ƴar Zango, Cape Coast

Agusta tana da kyau, amma a gaya masa dukkan gaskiya. Sararin sama yakan kasance a lulluɓe, ba lallai ne ku sami shuɗin teku irin na hoto ba, ruwan yana da sanyi kuma yana da ƙarfi a lokacin. Ga wanda ya fito daga zafin arewa wannan ni'ima ce, amma a taho wa Hajiya da rigar sanyi don yamma. Ku kuma kauce wa ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta, lokacin bikin tunawa da ƴanta bayi, da kuma makon Asabar ta farko a Satumba, lokacin bikin Fetu Afahye na garinmu. Bukukuwa ne masu kyan kallo, sarakuna a kan kafaɗun jama'a da ganguna, amma masauki yana wuya kuma barci ba ya samuwa.

Malamin Tarihi, Zariya

Ba a ce komai kan Kakum ba. Gadar tana da sassa bakwai da aka ɗaure tsakanin manyan itatuwa, tsawonta gaba ɗaya kimanin mita 350, an buɗe ta a 1995. Faɗinta na mutum ɗaya ne, tana kuma lilo, sannan kafin a kai gare ta sai an hau tudu mai duwatsu. Manyan yaran biyu za su ji daɗinta, amma Hajiya da ƙaramin su jira a ƙasa ko su yi zamansu a masauki. Kada kuma a yi wa yara alkawarin ganin giwa. Akwai su a dajin, amma ba sa zuwa inda mutane suke hayaniya.

Alhaji Bafatake, Kumasi

Tunda an rinjaye ni kan Elmina, to ina roƙon kada a manta da dalilin da ya sa Hajiya ta ce za ta zo. Idan Kumasi ta yi nisa a wannan karon, a kai ta Sabon Zango ko Nima, unguwannin da Hausawa suke da yawa, a ranar da kuke Accra, ta zauna da tsofaffi ta faɗi sunan mahaifinta da garinsu. Sau da yawa a irin wannan zama ake samun wanda ya san wanda ya san shi.

Baban Ilham, Kano

Wannan shawara ta Alhaji ita ce Hajiya ta fi murna da ita da na karanta mata. Mun tsaya a kan tsakiyar Agusta, kuma sansanin Cape Coast kaɗai za mu shiga, na Elmina mu gan shi daga kan gada. Tambayata ta ƙarshe ita ce masauki: a cikin gari ko a wajensa, kuma me ya kamata in tambaya kafin in biya?

Hajiya Ƴar Zango, Cape Coast

Ku sauka a wajen gari, ko dai yamma da Elmina ta wajen Brenu, ko gabas ta wajen Anomabo, inda gaɓar take da tsabta, tasi kuma zai kai ku gari cikin ɗan lokaci. Kafin ka biya, ka kira masu masaukin ka tambaya ko suna da ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba, da kuma nisan ɗakin daga wurin cin abinci, domin wasu masaukan a warwatse suke cikin yashi, kuma tafiya a yashi tana wahalar da mai ciwon gwiwa fiye da hawan matakala. Ka tambaya ko suna yin kiɗa a daren Juma'a da Asabar, ko mashayarsu tana kusa da ɗakunan iyali, ko suna da janareta da gidan sauro, sannan ko za su yarda su gasa muku kifin da kuka sayo da kanku daga Elmina, domin da yawa suna yi a kan kuɗi kaɗan. Ku taho da butarku da darduma, ba kowane masauki ne yake ajiye su ba. Alƙibla kuwa ba ta da wuyar ganewa a wannan yanki: idan ka tsaya teku yana hannunka na dama, kana kallon wajen Accra, to kusan ka daidaita, sai ka tabbatar da wayarka. Magariba tana yi da wuri a nan, jim kaɗan bayan ƙarfe 6, don haka idan za ku shigo zango sallar Juma'a ku tsaya cin tuwon zafi, ku shirya da direbanku ya mayar da ku tun da sauran haske.